Giyar da Mudasiru Bai Taɓa Sha Ba

A mashayar wani otal kusa da Corniche, titin bakin teku a wani birnin Larabawa, akwai wani dattijo, an rubuta Mudasiru a ƙirjin rigarsa. Ga tabon sujada a goshi, ga kwalbar wuskin bourbon a hannu. Yana tsaye da ƙafa ɗaya yana hutar da ɗayar, kamar zalɓe. Da gani, bakinsa bai san abin da yake sayarwa ba.

Wani Bature na tambayarsa me shekara goma sha biyar a ganga ke yi wa giya. Mudasiru ya kai kofin giyar hanci, ya lumshe ido. Ya ce ana babbake cikin gangar itace, zafi ya tura giyar cikin itacen, sanyi ya dawo da ita, ta fito ja da ƙamshin ƙonannen sukari. In ta wuce lokaci kuwa, sai ɗaci.

Sabon manaja ya leƙo. "Gobe kowa zai ɗanɗana, ko ya ajiye aiki. Khalas, magana ta ƙare."

Job, abokin aikinsa, ya raɗa masa, "Baba, jiƙa leɓe kawai."

"Shekara tara hancin nan ke ciyar da 'ya'yana a Kumasi," in ji Mudasiru, yana goge kofin a hankali. "Gobe ma shi kaɗai zan kawo."