Makahon Kabara da Jarrabawar Aiki

A zauren wani gida a Kabara na hango shi ina wucewa: makaho ne matashi, farin yadinsa ya sha guga. Wata mata, ina jin mai ɗakinsa ce, tana karanta masa tambayoyin jarrabawar ɗaukar ma'aikatan jiha, shi kuma yana huda takarda da tsinken rubutun makafi. Allah kaɗai ya san sau nawa aka ce masa ya haƙura.

"Malam, duhu ya yi, na daina ganin rubutun," in ji ta.

Ya yi murmushi, ya ɗora yatsu kan takardarsa. "To huta, Rahma. Ni ina gani."

Ya ci gaba da karatu a bayyane. Na kasa ɗaga ƙafa.