Haruffan Hassana

Husaina Lawal shekararta arba'in da ɗaya, gidansu na Koki, kuma shekara goma sha biyu ke nan tana aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje. Idan an ɗebi jini ko ƙashi an karanta ƙwayar halittar da ke ciki, sakamakon kan zo kwamfutarta a dogon layi na haruffa huɗu masu ta maimaituwa. Tana da manhajar da ake ba guntun layi, ta shiga ta nemo inda irinsa yake.

Ita da 'yar'uwarta Hassana 'yan biyu ne, kamarsu ɗaya sak. Wata Laraba, a shekarun da bama-bamai ke tashi a Kano, Hassana ta fita sayen atamfa, ba ta dawo ba. An zaga asibitoci ba a ga gawa ba. Gwaggo 'Yardada da ta raine su ta hana zaman makoki, ta ce ba a yi wa mai rai. Duk Juma'a sai ta fito da zannuwan Hassana an shanya, kada su yi warin ajiya.

Da aka fara kawo ragowar gawarwakin mutanen da ba a gane ba, Husaina ta gwada jininta a ɓoye, tunda haruffanta su ne na Hassana. Duk sakamakon da ya iso sai ta sa nata layin ta danna. Sakan takwas manhajar ke ɗauka. Sau sittin da uku allon yana cewa babu.

Makon jiya, a kan wani ƙashi da aka kawo, ya ce akwai.

Malam Hammadu, shugaban ɗakin, ya daɗe yana duban allon, sannan ya tambayi wanda ya buɗe ledar ƙashin. Ita ce, ranar da ma'aikata suka yi ƙaranci. Ya ce ko gumin yatsanta ne ya taɓa shi, manhaja ba za ta bambance ta da 'yar'uwarta ba.

"Ko dai Hassana kika samo, Malama, ko kuma kanki."

Saura guntun ƙashin guda ɗaya da ba ta taɓa ba. Malam Hammadu ne zai gwada shi da kansa, ita kuma ya hana ta shiga ɗakin har kwana tara, lokacin da sakamako zai fito. Ba ta gaya wa Gwaggo ba.

Yau kwana na takwas, kuma Juma'a ce. Da safe Gwaggo ta miƙo mata zannuwan. Husaina ta karɓa da hannu biyu, ta kakkaɓe, ta shanya su ɗaya bayan ɗaya.