Ranar da Bina Luyando Ta Sa Wando

Duk wanda ya saba tsallaka gadar Zambezi da ƙafa ya san Mutinta, ko da bai san sunanta ba. Ita ce matar nan mai bokitin kunun masara a ka, wadda ba ta bin hanyar masu ƙafa. Kowa na bi ta gefe yana leƙen kwazazzabo, yana ɗaukar hoto. Ita kuwa tsakiya take bi, dab da titin jirgi, idonta a kan babban yatsan ƙafarta, tana rera waƙar coci ƙasa-ƙasa har ta ƙetare. Direbobin manyan motoci sun gaji da danna mata ham, yanzu jiranta suke yi.

Ni sunana Inonge, yara kan ce Bo Inonge don ladabi, fanke nake sayarwa. Tun muna da sauran ƙuruciya muke fitowa daga Livingstone tare, mu tsallaka zuwa layin motocin da ke jiran kwastam, mu yi ta faɗa da birai a kan kayanmu, mu dawo da yamma. Ni 'yar Lozi ce, ita 'yar Tonga, wato abokan wasa tun kaka da kakanni. Zagin da zan yi mata, in wata ta yi shi sai an kai ga 'yan sanda. Ina ce mata mai kwana da shanu, tana ce mini mai cin guza. Da haka muke gaisawa kowace safiya.

Tsoron nan nata ba da shi aka haife ta ba. Mijinta Hamoonga masunci ne, yana gangarawa can ƙasan kwazazzabo inda ruwa ke juyawa. Wata rana santsin dutse ya kwashe shi, ko takalminsa ba a gani ba. A wurin makoki na yi abin da ya wajaba a kaina: na ɗebo garin masara na zuba mata a ka, na yi ta tsokanarta har sai da ta ɗan murmusa, domin aikin abokin wasa ke nan ranar kuka. Da mutane suka watse ta kira ni da sunan da abokan wasa ke kiran juna, ta ce, "Mbuya, ni da kallon ruwan nan har abada." A lokacin 'yarta Luyando, wadda saboda ita ake ce mata Bina Luyando, wato uwar Luyando, tana goye, ko rarrafe ba ta fara ba. Ciki kuwa ba ya jiran mai takaba. Bayan ta fita takabar sai ta goya 'yar, ta ɗora bokiti, ta koma gada.

To ka ji ikon Allah. Yarinyar da aka raina da ido a ƙasa ita ce ta tashi ba ta san tsoro ba. Tana gama makaranta ta samu aiki wurin masu tsallen banji, mutanen nan da ke ɗaure ƙafafun baƙi da igiyar roba a tsakiyar gada, baƙin su faɗa kwazazzabo suna ihu, kuma su biya kuɗi a kan haka. Ni dai har gobe ban gane wannan ciniki ba. Da farko a sikeli aka ajiye ta, tana auna mutane tana rubuta nauyinsu a hannu. Ta yi ta naci, ta koyi ɗauri, ta ci jarrabawa, aka sa ta a kan dandamali na gwaji. Uwar ta ce, "Na roƙi Allah 'ya, ya haɗa mini da akuya." Daga nan in mun zo daidai dandamalin sai ta ƙara wa waƙarta ƙarfi, don kada ta ji ƙirge.

Matsalar da ba a hango ba ita ce baƙin. Mutum zai zauna, ya ga 'yar siririyar yarinya ta durƙusa da tawul za ta naɗe masa idon sawu, sai ya janye ƙafa ya ce a kira masa namiji. Ba duka ba, amma da yawa. Shugabansu Mweemba, wanda ake ce wa Ba Mweemba don girmamawa, mutumin kirki ne, sai dai ya faɗa mata gaskiya: in wata ya ƙare ana gudun hannunta, sikeli za ta koma.

Ran wata Alhamis Luyando ta zo inda muke zaune, ta ɗauki fankena ba tambaya, ta ci rabi ta riƙe rabi. Na ce, "Ke, lafiya? Ko 'yan Tonga sun fara cin kyauta ne?" Ba ta yi dariya ba. Ta ce wasu ma'aikatan ofis ne suka zo yawon shaƙatawa daga Lusaka. Babbansu, wani mai tumbi, ya ƙi ta. Ta yi masa bayani da ladabi, sai ya dube ta a gaban kowa ya ce, "Yarinya, uwarki ma za ta yarda ki ɗaure ta?"

"Me kika ce masa?" in ji ni.

"Me zan ce, Bo Inonge? Abokan aikina ne suka fashe da dariya. Ba da mugunta ba, ai kowa ya san Baama." Ta dubi uwarta ta sunkuyar da kai. "Gara in koma sikelin tun kafin a kore ni."

Raina ya ɓaci har na fara zagin mai tumbin, da kakansa, da motar da ta kawo shi. Mutinta kuwa tana ta juya kunu da ludayi, alhali babu mai saye a gabanta.

Asabar ranar cocinsu ce, ban gan ta ba. Lahadi da safe na ji ana buga mini ƙofa. Na buɗe, ga Mutinta da zani, amma a ƙasan zanin ƙafafun wando ne suka leƙo, an nannaɗe su. Tabɗi! Matar da ke cikin ƙungiyar matan coci, wadda ta taɓa hana Luyando abinci a kan wando! Na dafe ƙofa don dariya.

"Bina Luyando, hauka ne ko bikin shanu?"

"Rufe mini baki. An ce kai ƙasa ake ratayewa. So kike zanina ya rufe mini fuska duk Zambiya da Zimbabuwe su kalle ni?"

Nan dariyata ta tsaya. Na sake duban wandon, na gane shi. Na Hamoonga ne, ruwan toka, wanda yake zuwa coci da shi. Ashe duk shekarun nan yana ƙasan akwatinta. Na ce, "Mbuya, da gaske kike?" Ta ce, "Ɗauko gyalenki." Na ɗauko, na kuma ƙulle ɗan garin masara a gefensa ba ta gani ba. A hanya ba ta yi waƙa ba, ni ma ban tsokane ta ba. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, ai ya fi wutar zafi.

Da Luyando ta hango mu, tawul ɗin hannunta ya faɗi. "Baama, me kike yi a nan?"

"Na ji an ce ma'aikaci na da damar kawo ɗan uwa ɗaya ya yi tsalle kyauta. Ko kin riga kin ba wani?"

"Baama, don Allah ba sai kin yi ba. Maganar banza ce mutumin ya yi."

"Ni ban san wani mutum ba. Ɗauri na zo."

Ba Mweemba ya cire hularsa, ya tambaye ta lafiyar zuciya da baya da jini, ta amsa masa kamar mai ba da shaida a kotu. Aka ɗora ta a sikeli, aka rubuta nauyinta a hannu. Na leƙa na ce, "Kai, wannan ai igiyar jan tirela za a nemo. Madara ba ta ƙarya." Ta ce, "Ke in aka auna ki sai an haɗa da rowarki kafin sikeli ya motsa." Direbobi suka fara saukowa daga motoci, masu dako suka ajiye kaya, har wani soja ya matso. Kafin ka ce kwabo gefen gada ya cika, domin labari ya zaga cewa mai kunu za ta yi tsalle.

Luyando ta durƙusa a gaban uwarta. Ina tsaye a bakin ƙarfe ina kallo. Ta naɗa tawul, ta zagaya ɗamara, ta ja, ta ƙulle, ta saƙala ƙugiya, ta sa mata na ƙirji. Ba Mweemba ya zo ya bi ɗaurin da yatsa kamar yadda dokarsu ta ce, ya ja nan ya ja can, bai canza komai ba. Ya miƙe ya ce a tafi.

Mutum mai ɗaurarrun ƙafafu da ɗan tsalle-tsalle yake isa bakin dandamali. Haka ta isa, yatsunta suka leƙa waje. Aka ce ta buɗe hannuwa, ta dubi gaba. Ita kuwa da ta saba duban babban yatsanta, sai ta dube shi, kuma a ƙarƙashinsa babu komai sai ruwan nan, can ƙasa, kore, yana juyi. Aka ƙirga daga biyar zuwa ɗaya, jama'a suka yi ihu, Mutinta ba ta motsa ba. Ta damƙe hannun Ba Mweemba har sai da ya cije leɓe. Wandon Hamoonga kaɗawa yake yi, kuma ba iska ba ce.

Tsoro ya kama ni, ba na faɗuwarta ba, na juyowarta. In ta juyo a gaban wannan taro, an gama da yarinyar. Sai na kwance gefen gyalena, na ɗebo gari na watsa mata.

"Mbuya! Tunda mutuwa za ki yi, bari in zuba tun yanzu, kada in yi asarar kuɗin mota zuwa makoki!"

Iskar kwazazzabo ta maido mini da garin a fuska, na koma fari fat ina tari. Gada ta ɗauki dariya. Mutinta ta ɗan waiwayo, ta gan ni, ta ce, "Allah ya ƙara, mai cin guza." Ta saki hannun Ba Mweemba. Ni kuwa gari da hawaye sun haɗu sun zama ƙullu a kumatuna.

Sai ta kira 'yarta. "Luyando."

"Na'am, Baama."

"Ke kika ɗaura?"

"Ni ce, Baama."

"Ya ɗauru?"

"Ya ɗauru."

"To. Ni ma da zani ɗaya na ɗaure ki a bayana, na yi ta tsallaka gadar nan da ke, ƙafafuna na rawa. Barcinki kike yi. Ba ki taɓa tambayata ko ƙullin zai riƙe ba." Ta buɗe hannuwa. "Ƙirga mini, ke da bakinki."

Luyando ta ƙirga. Ba zan yi muku ƙarya in ce tsalle mai kyau ta yi ba. Faɗuwa ta yi kamar buhun masara daga kan mota. Amma idonta a buɗe yake, na gani da idona, kuma abin da ta ƙwala da ƙarfi har ya amsa a bangon dutse sunan mijinta ne. Igiya ta miƙe, ta miƙe, har na ce shi ke nan, sai ta dawo da ita sama kamar an jefo ta. Direbobi suka danna ham gaba ɗaya. Sojan nan na gan shi yana tafa hannu, ga bindiga a rataye.

Da aka jawo ta, ta biyo ta ƙarƙashin gada ta hau sama. Ta zauna a kan titi daɓas. Luyando ta rugo ta durƙusa tana tafa hannu a gabanta, irin gaisuwarmu ta girmamawa. Uwar ta ce, "Tashi, mutane na jiranki." Gaskiya kuwa, wata mata a cikin masu layi tana ta nuna Luyando tana cewa ita wannan take so ta ɗaure ta.

A hanyar gida na ce, "To jaruma, yaushe za a ƙara?" Ta ce ko za a ba ta shanun duniya. Muka yi tafiya kaɗan sannan ta ce, "Na ga ruwan, Inonge. Da ina lilo a can na dube shi sosai. Na ce masa, ga wandonka, ga kuma aikin 'yarka." Sai na karɓi jakarta na riƙe mata.

Kada ku zaci ta warke. Washegari tsakiyar gada ta bi, ido a ƙasa, da waƙarta, kuma haka take bi har yau. Ni wannan ne ma ya sa nake sara mata, domin wanda ba ya tsoro in ya faɗa kwazazzabo wasa ya yi. Luyando ba ta koma sikeli ba. Har yanzu akan samu mai janye ƙafa ya ce a kira namiji. Ba ta yi masa dogon bayani. Sai ta ce, "Yallaɓai, uwata ma ni na ɗaure ta." In ya ce ƙarya ne, sai ta nuna masa tsakiyar gada, inda wata dattijuwa ke tafe da bokiti a ka, ta ƙi ko kallon gefe.

"Ga ta can," in ji ta. "Miƙo ƙafarka."