Doreen Ta Kwashe Bindigogin Landan

Doreen Hepworth ta shekara talatin tana gyaran kifi a tashar jiragen ruwa ta garin Hull da ke Birtaniya, kuma har ta tsufa ba ta yafe wa Landan ba. A yaƙin duniya na biyu jiragen Jamus sun ragargaza garinsu, gini ya danne babarta, amma jaridun Landan suka ƙi kiran sunan Hull, sai dai su ce "wani gari a arewa maso gabas".

Tana da shekara tamanin da biyar Clive, mijin 'yarta, ya koya mata wani wasan kwamfuta inda mutum ke riƙe gwamnatin Birtaniya a zamanin yaƙin. Tun ranar farko ta fatattaki ministocin da ke neman sulhu, ta kwashe bindigogin kakkaɓo jirage daga Landan, ta jere su kaf a Hull.

"Haba Mama, ai kin bar majalisa ba tsaro!" in ji Clive. "Rugu-rugu za su yi da ita."

Ta kurɓi shayinta, ko kallo bai ishe ta ba.

"To, su yi. Gobe sai jarida ta ce an taɓa wani gari a kudu."