Mawashin Baba Sale Na Neman Magaji

Kun sha wuce shi a bakin kasuwar Ƙofa ba ku ko waiwaya ba. Da wuƙar da ya wasa kuke yanka ragon suna, amma ku nawa ne kuka taɓa tsayawa kuka tambayi Baba Sale lafiyar hannunsa? Hannun nan yanzu rawa yake yi. Ya ce daga Babbar Sallar bana zai ajiye aiki, kuma har yau babu wanda ya zo ya ce a koya masa.

Da hantsi yake shimfiɗa buzu a gindin tsamiya ya jera kayansa. Ga mawashi, baƙin dutsen da kakansa ya ɗauko a kan jaki daga Riruwai, tsakiyarsa ta lotsa kamar akushi. Ga allon katako da aka lulluɓe da fatar bijimi, ga ƙoƙon toka gauraye da garin tsingaro. Dutsen ke fitar da kaifi, allon da tokar su cinye tsatsa har mutum ya ga fuskarsa a jikin ƙarfe. Haka ake yi tun kafin injin nan mai tartsatsi ya zo, wanda cikin minti biyu zai ƙone wuƙa ya bar ta ba ta riƙe kaifi.

"Hajara, wannan wuƙa ce ko muciya?" zai ce wa mai sayar da tuwo.

"Baba, maigidan ne ya sari ƙashi da ita."

"To ki gaishe shi, ki ce ya sayi gatari."

Sai dai Baba Sale fuskar mutum yake fara dubawa kafin wuƙarsa. Wata kaka shanu suka cinye gonar dawar Mujitaba, ya zo idonsa jawur, ya dire doguwar wuƙa a kan buzun.

"Baba, yanzu nake son ta."

Tsohon ya juya ta, ya sake juyawa. "Ɗana, wannan tsatsar ta shiga ciki. Sai ta kwana uku a toka."

"Wace tsatsa? Sabuwa ce fa!"

"Ni ne mai sana'ar ko kai?"

Tsohon ya tura ta cikin toka, ya tashi ya nufi gidan mai unguwa. Kafin kwana ukun su cika an zaunar da Mujitaba da mai shanun, an sasanta. Mujitaba da bakinsa yake ba da labarin nan.

Baba, kai ne mai gyaran ƙarfe, mai sanyaya zuciya. Shekara arba'in da wani abu ba ka taɓa wasa wuƙa a gaban dabbar da za a yanka ba, ba ka taɓa miƙa kaifi ga mai fushi ba. Inji bai san wannan ba. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri.

Amma godiya ba ta koyon sana'a. Samari, kuna zaune a tasha kuna cewa babu aikin yi, ga malami yana jira. Safiya talatin kawai ya nema. Ranar kasuwa mai zuwa ɗayanku ya je, ya cire takalmi, ya durƙusa ya ce, "Baba, na zo."