Almakashin Yaya

Tun ina ɗalibi a unguwar Perry Barr, can ƙasar Turawa, nake tara tsofaffin katuna masu hotunan 'yan wasan baseball, wato ƙwallon da ake bugawa da sanda. Na san shekarar da kowannensu ya yi tashe, da wadda gwiwa ta ci amanarsa.

Da yayata ta zo mana hutu a unguwar Levenshulme, inda muke zaune yanzu, ta ce mala'iku ba sa shiga gida mai hotuna. Na dawo daga aiki na tarar ta bi katunan da almakashi ta datse kawunan 'yan wasan, ta mayar da kowanne cikin ledarsa tsaf.

Ta kurɓi shayinta, ko kallona ba ta yi ba.

"Auta, ba cewa ka yi ka san su ba? To, gane su mana."