Ranar da Direbobin Boda Suka Ba da Jini

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, amma ranar da direbobin bodar Jibiya suka yi layi a asibiti saboda wata mata da ba su sani ba, tana nan a raina har in koma ga Mahaliccina.

A lokacin ina cikin wata ƙungiyar mata ta taimakon al'umma. Yawancinmu 'yan kasuwa ne da malaman makaranta, shugabarmu kuma tsohuwar ungozoma ce da muke kira Inna. Burinmu shi ne mu samu ɗaki a tashar boda, inda za a riƙa duba masu ciki da ke tsallakowa daga Nijar ko fitowa daga ƙauyukan Bugaje da Mazanya, macen da tafiya ta yanke mata kuma ta samu wurin fakewa. Muka je wurin shugaban direbobi, wani dattijo marar yawan magana. Ya saurare mu tsaf, sannan ya ce, "Hajiya, nan tashar mota ce. Zancen haihuwa cikin gida ake yin shi." Muka fito jiki a sanyaye, 'yan kamasho suna yi mana dariya.

Duk da haka ba mu fasa ba. Kowace ranar kasuwa sai mu kafa rumfa a gefen tashar, mu sayar da waina da zoɓo, ribar ta shiga asusun ɗakin da ba mu da ko filinsa.

Wata ranar kasuwa da hantsi, ina cikin juya waina, sai hayaniya ta tashi wajen wata mota da ta taso daga Maraɗi. Wata matashiya ce mai tsohon ciki, jini ya ɓalle mata, ba kowa tare da ita sai surukarta, tsohuwa tana ta salati. Muka kwance mayafanmu muka kewaye ta, Inna ta durƙusa ta duba. Da ta ɗago kai na ga fuskarta, na san abin ya wuce na ungozoma. Wata jami'ar shige da fice ta ɗaga mana shinge da kanta, wani direba ya sauke fasinjojinsa ya kwashe mu zuwa asibiti.

An yi mata aiki, an ciro ɗiya mace da ranta. Amma likita ya ce uwar ba za ta kai ba sai an ƙara mata jini da yawa, irin nata kuma ba a cika samunsa ba. Aka gwada mu, mutum ɗaya ce kawai ta dace. Inna ta kama hannuna ta ce, "'Yar nan, koma tasha. Can maza suke."

Ni da ko a taron ƙungiya ba na iya ɗaga murya. Na hau babur. Da na isa, na tarar da direbobi a inuwa suna shan shayi. Ban san lokacin da na hau kan benci ba. Na ce, "Iyayena da yayyena, yarinyar nan da kuka ga an ɗauka tana tsakanin rai da mutuwa. Jini ake nema, kuma yana jikinku."

Duk suka juyo suka dube ni. Can wani ya ce, "In na ba da jini jiri ya kwashe ni, wa zai ja mani mota zuwa Katsina?" Wasu suka gyaɗa kai. Sai shugaban ya miƙe a hankali, ya gyara hularsa.

"Uwar ɗana na fari haka ta tafi," in ji shi. "Jini aka nema, aka rasa. Ku tashi."

A asibiti an ƙi ɗibar nasa saboda shekaru. Bai yi gardama ba, ya tsaya a bakin ƙofa yana kiran direbobinsa ɗaya bayan ɗaya. Har masu manyan motoci 'yan Nijar suka biyo, suna naɗe hannun riga. Wanda ya yi zancen jirin nan, jininsa ne ya fara dacewa. Ya fito yana dariya, yana cewa ashe ba komai. Kafin la'asar matar ta buɗe ido ta tambayi ɗiyarta.

Bayan 'yan makonni shugaban ya aiko a kira mu. Ya buɗe wani ɗaki da suke ajiye tsofaffin tayoyi, ya ce, "Hajiya, ga shi nan, in zai yi maku." Da ribar waina muka yi masa fenti, muka sa gado da labule. Matar da kanta ta zo buɗewa, goye da ɗiyarta, guɗa ta cika tashar.

Abin da na koya a ranar shi ne, wanda ya ce maka a'a ba lallai ne marar tausayi ba. Wani lokaci ciwon na nan a ransa, bai dai taɓa samun wanda ya tsaya gabansa ya kira shi ba. Tun daga nan, in dai ran mace ne a kai, ba na jin nauyin buɗe baki gaban kowa.